Ranar da Na Kai Bokiti Asibitin Riyad

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da kuwa na so in manta, domin 'yan kasuwar Utaiƙa sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Har gobe in na sauke kwalayen dabino na juya zan tafi, sai wani ya leƙo daga cikin rumfa ya ce, "Likita, yaya masu jiki?" Ni kuwa in yi kamar da wani ake, in ƙara sauri.

Ni direba ne a Riyad. A-kori-kurar wani Balarabe mai sayar da dabino nake tuƙawa, shi ne kuma kafilina, wato da sunansa na sami takardar zama a ƙasar. Aikin ba shi da wata wahala: in ɗauki kaya daga Utaiƙa in rarraba wa shagunan Dira da Nasiriyya, in dawo in ci shinkafa da kaza in kwanta. Alhamdu lillahi, ban da zafin rana ba ni da abin ƙorafi. Abin da ya ƙara mini daɗin zaman shi ne zuwan ƙanina Muntari, autanmu, wanda ya sami gurbin karatun hadisi a wata jami'a a nan. Yaro ne mai sanyin hali, ga Larabci a bakinsa kamar ruwa. In ya yi magana, Larabawa gyara zama suke yi. Ni in na yi nawa, dariya suke fara yi tukuna, sannan su tambaye ni me nake nufi.

Ranar da zai taho, Umma ta kira ni daga Kano ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan, amana na ba ka. Ko tari ya yi, a bakinka nake so in ji." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai yana hannun babba. (Za ku ga irin girman nan gaba kaɗan.)

Wata rana da hantsi ina cikin lodi, abokin ɗakinsa ya kira ni ya ce Muntari tun asuba yake murƙususun ciwon ciki, har da amai, sun kai shi asibitin jami'a. Ban san lokacin da na bar kwalaye a tsakiyar hanya na ja mota ba. Na same shi a sashen gaggawa, bayan labule, an saka masa ƙarin ruwa, idanunsa sun yi zuru-zuru. Abokin nasa da ya ga na iso sai ya ce, "To tunda Yaya ya zo, bari in koma, muna da jarrabawa." Likita ya shigo ya yi bayani da Larabci gauraye da Turanci, marar lafiyan da ke kwance shi ya fassara mini: afendis ne, yau za a yi masa aiki, ana jiran ɗakin tiyata ya samu ne kawai.

Na ce to. Na gyara tsayuwa ina jiran a miƙo mini takardar sayo kaya. Likita ya fita. Nas ta shigo ta duba ƙarin ruwan, ta yi mini murmushi, ta fita. Wata ta zo ta auna zafin jikinsa, ita ma ta wuce. Babu wanda ya ƙwala kiran "ina ɗan'uwan marar lafiyan nan", babu wanda ya daka mini tsawa, babu wanda ya aike ni ko'ina. Wani da daɗi zai ji. Ni hankalina tashi ya yi, don a iya sanina, asibitin da bai aike ka ba ya manta da kai ne.

Dole in ɗan koma baya don ku san inda na samo wannan ilmi. A wani babban asibiti a gida Babanmu ya yi jinyarsa ta ƙarshe, ni ne kuma na yi zaman jinyar, Muntari lokacin yana makarantar kwana. A can na koyi cewa gado kawai asibiti ke ba ka, shi ma in ka yi sa'a. Zanin gado naka, ruwan wanka naka, bokitin da za ka ɗebo shi ma naka. Safar hannun da nas za ta taɓa mahaifinka da ita kai za ka sayo. In an ɗauke wuta, da tocilar wayarka za a nemi jijiya. Kwana kuwa a baranda, kai da tabarmarka da sauro. Ba na cewa ma'aikatan duk mugaye ne, don na ga nas ɗaya tana zagaya ɗaki cike da mutane ita kaɗai har ƙafarta ta kumbura. Amma na ga kuma wadda Baba yana nishi ina roƙonta, ta ce in bari ta gama cin abincinta, ai ba shi kaɗai ne marar lafiya ba.

Ranar da jikinsa ya rikice aka ce jini yake buƙata, kuma babu, sai mun kawo wanda zai bayar. Na fita ina bin 'yan'uwa gida-gida, wannan ya tafi kasuwa, wancan jininsa bai dace ba. Kafin in dawo da mutum, Baba ya cika. Ko sallama ba mu yi ba. Tun daga ranar na ƙudurta a raina cewa in Allah ya sake jarraba ni da jinyar nawa, ba za a nemi wani abu a rasa shi a hannuna ba.

Kada kuma ku ce ai nan Saudiyya ce. Nan ma asibiti yana da nasa halin, musamman ga irinmu masu ƙaramar inshora. Na taɓa wuni a wani asibitin kuɗi da kumburarren haƙori ina jiran kamfanin inshora ya amince a cire, daga ƙarshe aka sallame ni da ƙwayar rage zafi. Sai dai ban taɓa kwanciya ba, ban kuma taɓa jinyar wanda aka kwantar a ƙasar nan ba. Don haka da karatun gida na shiga wannan jarrabawa.

Na dubi Muntari na ce, "Ka ɗan daure, yanzu zan dawo."

Ya ce, "Yaya, ina za ka?"

"Kaya zan haɗo. Mutanen nan na ga take-takensu, sai an shiga da kai za su fara cewa babu kaza babu kaza."

"Wallahi ba sa buƙatar komai, Yaya. Komai akwai a nan."

Na yi masa irin murmushin nan na wanda ya ga duniya, na ce, "Kai karatu ka sani, asibiti kuwa bar mini shi." Na shafa kansa na fice da sauri, ina jin kaina wani gwarzo.

Kemis na fara tsayawa. Na sayi safar hannu kwali guda, auduga, filasta, sirinji manya da ƙanana. Da na ce a ba ni ruwan ƙari, mai kemis ɗin, wani Bamisire mai tabarau, ya sauke tabaran ya ƙare mini kallo, ya tambaye ni ko asibiti zan buɗe. Na ce a raina, yi dariyarka, ba naka ne a kwance ba. Daga nan na wuce ɗakina na naɗo tabarma da bargo, na cika filas da ruwan zafi, na zaro gidan sauron da na taho da shi daga Kano wanda ko sau ɗaya ban taɓa ɗaurawa ba. Sai shagon kayan roba a Dira, inda na zaɓi buta, da tocila, da fanka mai caji, da wani shuɗin bokiti mai murfi.

Ina cikin ciniki da mai shagon a kan bokitin nan wayata ta yi ƙara. Muntari ne. Na ɗauka na ce, "Ina zuwa, ina zuwa, ka daure, saura kaɗan in gama," na kashe tun bai ce uffan ba. Na juya na ci gaba da nuna wa mai shago cewa murfin ba ya zama daidai, dole ya rage mini. Ya rage kuwa, na fito ina murna.

Saura babban abu, wato jini. Wannan karon ba zan bi gida-gida ba, na ce, da mutanena zan shiga. Na koma Utaiƙa wajen Alhaji Illa, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayar da albasa, wanda duk Bahaushen kasuwar yake ɗauka uba. (A nan kowa Alhaji ne, har ni, amma shi nasa ya zauna masa.) Yana jin bayanina ya miƙe ya kakkaɓe riga.

Ya ce, "Wanga yaro mai karatu? Subhanallahi! Jini ai ba abin roƙo ba ne, mu da muke cike da shi."

Nan da nan ya tattaro majiya ƙarfi: masu dakon buhu biyu, da wani mahauci, da wani Basudane maƙwabcinsa da bai ma san Muntari ba, ya dai ji an ce lada. Kafin su rufe rumfuna an kira azahar, muka yi salla. A nan ba a ɗaukar mutane a bayan mota, 'yan sanda ba sa wasa, don haka muka cusu a ciki kamar kifin gwangwani, warin albasa da na nama suna gaisawa. Muka faɗa cunkoson Riyad, wanda in ya riƙe ka sai ya ga dama yake sakinka. A wani masallacin gefen hanya muka yi la'asar.

Da muka isa, mai gadin ƙofar gaggawa ya ga rundunata: ni a gaba da bokiti, Alhaji Illa da tabarma a hammata, mahauci rungume da fanka, Basudane da gidan sauro a kafaɗa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Wesh haza, ya hajj?" wato mene ne wannan. Na tattaro ɗan Larabcina na ce masa kayan marar lafiya ne, waɗannan kuma jini ne. Ya sake duban mutanen, ya dube ni, ya ce mutum ɗaya ne zai shiga, sauran su zauna a zauren jira da kayansu. Na juye kayan kemis cikin bokitin na rufe, na lallaɓa na shige da shi yana magana da wani.

Na ɗaga labulen da gwiwar hannu, bakina ɗauke da "ga ni na dawo". Babu kowa. An yaye zanin gado, katifar roba tana ƙyalli tsirara, wani ma'aikaci yana goge ta da magani mai ƙarfin wari. An ɗauke sandar ƙarin ruwa. Ina tsaye sororo sai ga nas ɗin nan mai murmushi, wata 'yar Filifin, ta gane ni. Ta buɗe durowa ta ɗauko wata leda ta miƙo mini. Na leƙa ciki, takalman Muntari ne da hularsa.

Jama'a, haka aka yi mini a gida, sak. Katifa tsirara, warin magani, da leda mai takalman Baba da carbinsa. A can ma babu wanda ya buɗe baki ya gaya mini, ledar ce ta gaya mini.

Bokitin ya suɓuce daga hannuna, murfin da na ce ba ya zama ya tabbatar da maganata, sirinji da auduga suka watse har ƙarƙashin gadajen mutane. Na zube a ƙasa daɓas, na ɗora hannu a ka, na kurma salati da muryar da nake kiran masu dako da ita a kasuwa. Nas tana ta magana, tana jan hannun rigata, ta yi da Turanci ta koma Larabci, ni kuwa kunnuwana sun toshe, bakinta kawai nake gani yana motsi. A zatona haƙuri take ba ni. Har ture hannunta na yi, ina cewa da Hausa, "Kun kashe shi, kun huta!"

Labulaye suka fara buɗewa, marasa lafiya suna leƙowa da robar ƙarin ruwa a hannu. Wani tsohon Balarabe mai farin gemu da ya kawo matarsa ya taso da sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya rungume kaina yana cewa, "Azzamallahu ajrak, ya waladi," yana yi mini ta'aziyya. Alhaji Illa da ya jiyo muryata ya ture mai gadi ya faɗo ciki.

"Mi ya hwaru?"

Na ɗaga masa ledar takalma kawai. Ya cire hula, ya yi salati, hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Allahu akbar. Yaro na Allah, ya zo neman ilmi ya cika a ƙasa mai albarka. Ka zamna nan, ni zan ji da sauran." Ya fita da waya a kunne.

Na san dole gida su ji, kuma a bakina, kamar yadda Umma ta ce. Amma ban iya kiranta kai tsaye ba. Sai na kira babbar yayarmu, Yaya Asabe, wadda take zaune tare da ita. Tsoho yana ta shafa bayana.

Na ce, "Yaya Asabe, sai haƙuri. Ki san yadda za ki gaya wa Umma. Muntari... lokaci ya yi."

Ta ce, "Wane Muntarin?"

"Namu. Na fita haɗo kaya, kafin in dawo..." kuka ya ƙwace mini.

"Kai, wani abu ka sha ne? Ga Muntari nan a wayar Umma suna magana, fuskarsa nake kallo yanzu haka. An yi aiki lafiya, ya farfaɗo. Tun ɗazu yake cewa bai san inda ka shiga ba!"

Kafin in haɗiye wannan, sai na jiyo wata 'yar siririyar murya can nesa, daga wayar Umma ta biyo ta wayar Yaya Asabe: "Yaya ne? Ku ce masa ya hawo bene." Yaron yana saman kaina, amma sai da muryarsa ta je Kano ta dawo kafin in ji ta.

Ban san ko kun taɓa tsayar da kuka a tsakiya ba. Abu ne mai wuya, musamman in akwai dattijo rungume da kanka yana zubar maka da hawayensa. Na ɗago a hankali na dube shi, na ce, "Ma mat," wato bai mutu ba. Ya ce na'am? Na sake cewa, "Ma mat. Maujud," wato yana nan. Nas ta buga tafi ɗaya ta ɗaga hannuwa sama, ta sake maimaita abin da take faɗa tun farko, wannan karon na ji: aiki ya yi kyau, an kai shi ɗakin kwanciya, takalman ne aka manta a ƙarƙashin gado. Tsohon ya dube ni, ya dubi sirinjin da suka kewaye mu, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa alhamdu lillah. Ni na taimaka masa ya miƙe.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige. Amma ba ta tsage ba, sai ma aka bar ni ina rarrafe ina tsince auduga da sirinji daga ƙarƙashin gadajen bayin Allah, ina cewa "afwan, afwan", wato a yi haƙuri, suna ɗaga mini ƙafa. Mai gadi ya zo ya tsaya a kaina har na gama. Ya karɓe kayan kemis ɗin kaf, ya ce ba a shigowa da su. Sannan ya miƙo mini bokitin da hannu biyu, cikin girmamawa, ya ce, "Tafaddal, ya doktor," wato bismilla, Likita. A gaban mahauci, wanda ya leƙo daga zauren jira, ya faɗa, shi ya sa sunan ya riga ni isa kasuwa.

A zauren jira na tarar Alhaji Illa ya yi nisa. Ya kira kafilina, ya kira wani tsohon direba da ya san hanyar takardun jana'iza, ya kira abokin ɗakin Muntari. Da na gaya masa, ya dube ni baki buɗe. Sai ya sake danna waya ya ce, "Kai, a dakata da zancen likkahwani, mamacin shina bisa shina waya." Basudanen nan kuwa tambaya ɗaya ya yi, wai to jinin fa, wa za a ba?

Aka bar ni na hau ni kaɗai. Ɗaki ne fes, sanyin na'ura har cikin ƙashi, wanda in ka kunna fanka a ciki sai a ɗaure ka. Ga banɗaki a ciki da ruwan zafi, ga wata kujera da ake miƙar da ita ta zama gadon mai jinya. Sauro kuwa ko na magani babu. Na tura bokitin bayan ƙofa da ƙafa. Muntari yana kwance an ɗan ɗaga masa kai, leɓensa a bushe, waya a hannu.

Ya ce, "Yaya, wai na rasu? Ga 'yan ajinmu nan a waya suna ta yi mini addu'a. Wani ma ya rubuta cewa bai taɓa ganin mutumin kirki irina ba, alhali ko littafi ba ya ara mini." Ya fara dariya, ɗinkin ya ja shi, ya dafe ciki yana cewa wayyo.

Ya sake kiran Umma don ta gan mu tare. Yaya Asabe ce ta fara cika fuskar wayar, ta wanke ni tas: da Umma ce ta ɗauka fa? Da hawan jininta ya tashi fa? Mutum da gemunsa bai iya tambaya ba? Na sunkuyar da kai ina karɓa, don na cancanci hakan. Can sai Umma ta karɓi wayar. Idanunta sun yi ja, ban sani ba ko dariya ta yi ko kuka. Ta ce, "Asabe, ƙyale shi haka. Ni na san gadon da ya gani." Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta shi mana albarka, ta ce in tabbata yaron bai sha ruwa ba sai likita ya ce.

Aka kashe waya. Muntari ya kalli silin, ya ce, "Yaya, ka san abin da ya sa na kira ka ɗazu?"

Na ce, "Na ɗauka ciwon ne ya matsa."

"Zuwa suka yi za su tura ni. Aka tambaya ina ɗan'uwana, na ce ya fita. Ni na sa wa kaina hannu a takarda. Wallahi tsoro ne ya kama ni, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba, har Baba na tuna. So nake kawai ka raka ni zuwa bakin ƙofa, ka riƙe mini hannu, ka yi mini addu'a. Sai wani ɗan Indiya mai tura gado ne ya yi ta bubbuga kafaɗata har muka shiga."

Bai faɗa da fushi ba, shi ya sa ta fi shiga ta. Kunyar da na sha a ƙasa gaban Larabawa wasa ce a kan wannan. Karo na biyu ke nan nawa yana nemana ina kan titi. Wancan karon aikena aka yi, ba ni da zaɓi. Wannan kuwa babu wanda ya aike ni, ni na aiki kaina, kuma lokacin da yaron yake kirana ina can ina rigima a kan murfin bokiti. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ba komai, ai don shi na yi. Idona ya cika, wannan karon ba tare da ihu ba.

Da yake hali ba ya barin mai shi, ban yi nisa da zama ba na ji ƙafata tana ƙaiƙayi. Na miƙe na ce, "Bari in leƙa waje in samo maka ɗan lemo da ayaba, ko da za su ce ka ci."

Ko ido bai buɗe ba. Ya miƙo hannun da babu allura ya kama hannun rigata, ya ce, "Yaya, don Allah zauna."

Na zauna.

Yanzu Muntari ya warke sarai, har ya fi da ƙiba, yana can yana fama da littattafansa. Ni ma na rage wa kaina girman kai, na kuma tsira da darasi biyu. Na farko, kafin ka yi wa mutum salati, tambayi nas tukuna. Na biyu, jinya ba da ƙafa ake yinta ba, da mazaunai ake yi. A yammacin ranar nan na fara aiki da na biyun. Yaron ya yi barci yana riƙe da hannun rigata, ni kuwa shayin da na sha a hanya ya sauko, fitsari ya matse ni kamar me, ga banɗaki ina kallonsa taku kaɗan daga inda nake. Ban motsa ba sai da ya farka.